Midjourney, Veo, Kling ko Runway: wanne zaka biya in kana son hoto da bidiyon AI?

Wancan dala 10 ko dala 20 da kake gani an rubuta da manyan baƙi a shafin farashi ba shi bane kuɗin da zaka kashe, shi dai kuɗin shiga ne kawai. Abin da ya kamata ka lissafa shine nawa hoto ɗaya ko daƙiƙa ɗaya ta bidiyo zata tsaya maka, kuma ba duk wanda injin ya fitar ba, wanda ka duba kace eh wannan zan iya ɗorawa ko in miƙa wa kwastoma ba tare da kunya ba. In ka lissafa a haka zaka ga hoto ya kusa zama kyauta, bidiyo kuma shine ke cinye aljihu, shi yasa ni ban yarda mutum ya haɗa su a lissafi ɗaya ba.

Farashin da zan kawo na 2025 ne, kuma kamfanonin nan basa zama wuri ɗaya, yau su ƙara kiredit (makin da ake cire maka duk sanda injin ya yi maka aiki) gobe su rage, don haka ka leƙa shafinsu kafin ka sa kati. Dala kuma zan ɗauke ta a naira 1,500 don lissafi ya zo da sauƙi, mutanenmu na Nijar ku ɗauki dala 10 kusan jaka 6.

Mu fara da hoto tunda shi yafi sauƙi.

In abin da kake so shine hoton da zaka sa a status, ko fosta ta walima, ko ka gyara bayan hoton kayan da kake sayarwa, gaskiya kar ka biya ko sisi tukuna. Meta AI na nan cikin WhatsApp ɗinka tun 2024 yana zana hoto kyauta, Bing Image Creator na Microsoft kyauta ne, ChatGPT na kyauta ma yana baka ƴan hotuna a rana kafin ya ce ka jira, Gemini na Google kuma tun da suka fito da wanda ake kira Nano Banana a watan Agusta 2025 ya zama shine gwani wajen gyaran hoton da kake dashi, ka bashi hoton kwalbar humra a kan tabarma kace ya mayar da ita kan tebur mai kyau da haske, zai yi kuma kwalbar bata canza kama ba sosai. Leonardo, wanda Canva ta saya a 2024, yana bada token 150, wato irin nasa kiredit ɗin, kullum kyauta kuma suna dawowa washegari. In ka haɗa waɗannan guda biyar ɗin, mai ƙaramar sana'a zai iya shekara bai biya komai ba sai data.

Toh yaushe ake biya? Sai in hoto ya zama sana'arka, kana yi wa mutane bangon littafi, fosta, hotunan talla, kana buƙatar guda talatin hamsin a rana kuma baka da lokacin da za'a ce maka ka dawo gobe.

A nan Midjourney da ChatGPT Plus ne ke takara. Midjourney bashi da na kyauta ko na gwaji, sun rufe wannan ƙofar tun 2023. Tsarinsu huɗu ne: Basic dala 10, Standard dala 30, Pro dala 60, Mega dala 120, in ka biya na shekara gaba ɗaya suna rage kashi 20 cikin 100. Abin da mutane da yawa basu gane ba shine ba hoto suke sayar maka ba, lokacin injin ne. Basic yana baka kusan awa 3 da minti 20 na aiki mai sauri, wanda yake kamawa wajen umarni 200, kowane umarni kuma hoto huɗu yake fitowa dasu ka zaɓa. Naira 15,000 a raba 200, naira 75 kenan duk dannawa ɗaya. Da jin haka kamar da yawa, amma duk wanda ya taɓa zama yana neman hoto ɗaya da yake cikin kansa ya san yadda ake dannawa ana sake dannawa, a canza kalma ɗaya a sake, a ce hannun bai yi ba a sake, kafin ka farga sati biyu bai cika ba lokacinka ya ƙare, sai dai ka sayi ƙari a dala 4 duk awa. Shi yasa a ganina Standard na dala 30 shine ainihin Midjourney ɗin, domin bayan awa 15 na sauri akwai abin da suke kira Relax, wato ka shiga layi ka jira amma ba iyaka, kana iya kwana kana fitar da hoto ba wanda zai ce maka kiredit ya ƙare. Naira 45,000 ne fa a wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, don haka in ba kana da kwastoman da zasu mayar maka da kuɗin ba kar ka soma.

Akwai wani abu kuma da ya kamata masu aikin mutane su sani: a Basic da Standard duk hoton da ka yi yana fita fili a shafinsu, kowa na iya gani har da abin da ka rubuta. Ɓoye aiki sai daga Pro na dala 60. In wani ɗan kasuwa ya baka aikin sabon kaya da bai so a gani kafin ya fito dashi, ka san da wannan. Sannan kamfanin da ke samun sama da dala miliyan 1 a shekara dole Pro ko Mega zai saya, wannan dai bai shafi yawancinmu ba.

ChatGPT Plus dala 20 ne, kuma daga Nuwamba 2025 an ɗora wa ƴan Najeriya harajin VAT na kashi 7.5 a kai. Wajen kyawun hoto, irin hasken nan da launi da yake sa mutum ya tsaya yana kallo, Midjourney ya fi shi, wannan ko tantama bana yi. Amma ChatGPT yafi jin magana. Kace masa mutum uku, na tsakiya ya riƙe buta a hannun hagu, a rubuta kaza a saman, yawanci haka zai yi, shi kuwa Midjourney sai ya baka abu mai kyau amma ba wanda ka tambaya ba. Kuma dala 20 ɗin ba hoto kaɗai ka saya ba, da shi zaka rubuta tallan, ka gyara turanci, ka yi lissafin shago. Don haka mai sana'a ɗaya da yake yin komai da kansa ChatGPT Plus ko Google AI Pro (tsarin biya na Gemini) sun fi masa riba, mai zane da ke sayar da kyawun hoto shi kuma Midjourney.

Maganar rubutu a cikin hoto, duk wanda zai yi fosta da Hausa ya shirya. ChatGPT da Ideogram da Gemini sun iya rubutun turanci a hoto yanzu, amma da ka kawo ƙ da ɗ da ɓ sai abin ya fara tangaɗi, wani lokaci su cire lanƙwasar wani lokaci su ƙirƙiro harafin da babu shi a duniya. Hanya mafi arha ita ce ka sa a yi maka hoton ba rubutu, ka kai Canva ko PixelLab ka rubuta da hannunka, kar ka ƙona kuɗi kana faɗa da inji akan baƙi ɗaya. Haka ma kayan sawa, in ka ce Bahaushe kawai ka yi shiru, sau da yawa Balarabe zai fito maka ko wani mai rawani irin na Indiya, sai ka zauna ka kwatanta masa babbar riga da aikin wuyanta da hula zanna, ko mafi sauƙi ka ɗora masa hoton gaske ya kwaikwaya. Duk wannan maimaicin kuɗi ne a tsarin da ake ƙirga maka, shi yasa mu namu lissafin ya fi na Bature tsada ko da farashin ɗaya ne a rubuce.

Yanzu bidiyo, inda ake kuka.

Kusan dukkansu da kiredit suke aiki, kuma kiredit ɗin wata kamar data ce, in wata ya ƙare baka cinye ba ta ƙone, in kuma ka cinye a kwana uku sai ka sake saye. Wayon da ke ciki shine kowane kamfani da nasa ma'aunin, kiredit 600 a nan ba ɗaya yake da 600 a can ba, don haka dole ka mayar da komai zuwa daƙiƙa.

Runway, na Amurka, wanda masu harkar fim suka fi sani. Na kyauta kiredit 125 ne sau ɗaya tak, ba ya dawowa. Standard dala 15 a wata da kiredit 625, Pro dala 35 da kiredit 2,250, sai Unlimited dala 95. Injinsu Gen-4 da ya fito ƙarshen Maris 2025 yana cin kiredit 12 duk daƙiƙa, kaga 625 a raba 12, daƙiƙa 52 kenan a wata guda. Ba minti 52 ba fa, daƙiƙa. Naira 22,500 akan abin da bai kai minti ɗaya ba, kusan naira 430 duk daƙiƙa. Yanzu mu ɗauka cikin guda uku da ka fitar ɗaya ne zai yi amfani, wanda ma an yi wa injin adalci, tallan daƙiƙa 30 zai buƙaci ka fitar da daƙiƙa 90, kiredit 1,080, wato Standard ɗin bazai ishe ka talla ɗaya ba. Akwai Gen-4 Turbo mai cin kiredit 5, shi zai baka daƙiƙa 125, da shi tallan zai fita amma kwalitin ya ɗan sauka. Abin da Runway ya fi sauran dashi shine kayan aiki, riƙe fuskar mutum ɗaya daga wannan fage zuwa wancan, gyara bidiyon da ka ɗauka da kyamara, sarrafa motsi. In kai edita ne da ka san abin da kake yi zaka more su. In kuwa yau ka fara, zaka biya kuɗin kayan da baka taɓa ba.

Kling na kamfanin Kuaishou ne na Sin, ya fito a 2024, kuma shine wanda nake ganin yafi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi da ke son motsa hoto. Standard wajen dala 10 ne da kiredit 660, Pro dala 37 da kiredit 3,000, Premier dala 92 da 8,000, kuma kullum cikin rangwamen watan farko suke, sai dai ka kula wata na biyu cikakken kuɗi zasu cire. A injinsu na 2.1 bidiyon daƙiƙa 5 yana cin kiredit 20 a matakin ƙasa, 35 a na tsakiya, 100 a na sama da suke kira Master. Da na tsakiya 660 zai baka guda 18, daƙiƙa 90, kusan naira 165 duk daƙiƙa, kaga bai kai rabin Runway ba. Amma da ka ɗanɗana Master ka ga yadda yadi ke kaɗawa da yadda mutum ke tafiya kamar gaske, guda 6 kacal zaka samu a watan. A nan suke kama mutane. Ƙarfin Kling shine ka bashi hoto ya motsa shi, misali ƴar'uwa mai sayar da atamfa ko leshi, ki ɗauki hoton kayan da kyau ki sa ya yi motsi na daƙiƙa 5, ya wadatar a status ko TikTok. Na kyautarsa kuma akwai tambarinsu a jiki ga jira mai tsawo.

Sai Google. Google AI Pro dala 19.99, Ultra dala 249.99, wato wajen naira 375,000 a wata, wannan mu barshi wa masu shi. Veo 3 da suka nuna a watan Mayu 2025 shine ya canza wasan saboda yana fito da bidiyo da sautinsa a haɗe, magana, ƙarar mota, iska, duk a daƙiƙa 8. A Pro ana baka kiredit 1,000 a wata a manhajarsu ta Flow, Veo 3 Fast yana cin 20, cikakken kuma 100. Da Fast guda 50 kenan, daƙiƙa 400, naira 75 duk daƙiƙa kuma da sauti. Da cikakken guda 10 ne, daƙiƙa 80, naira 375. Ka ɗora da cewa cikin wannan dala 20 ɗin akwai Gemini, akwai Nano Banana na hoto, a 2025 akwai wurin ajiya 2TB, in ka tambaye ni tsari ɗaya da mutum zai biya ya samu hoto da bidiyo da rubutu gaba ɗaya, wannan zan nuna maka ba tare da dogon tunani ba. A ƙarshen 2025 ma sun ba ɗaliban jami'a a Najeriya da Gana da wasu ƙasashen Afirka shekara ɗaya kyauta, irin wannan damar in ta sake zagayowa ɗalibi kar ya yi wasa da ita.

Sai dai fa kar sautin ya ruɗe ka. Turanci yake fita sumul, Hausa kuwa in ka sa a bakin mutumin cikin bidiyon sau da yawa zaka ji ta kamar baƙo ne ya haddace jiya, karin sautin ya karkace, dogon wasali ya gajarce, duk Bahaushen da ya ji zai gane. Masu wayo suna fitar da bidiyon da ƙarar wuri kawai sannan su ɗora muryarsu a CapCut. In haka zaka yi kuwa, rabin dalilin biyan Veo ya tafi, sai ka sake auna shi da Kling.

Adobe Firefly Standard dala 9.99 ne da kiredit 2,000, wajen bidiyo 20 masu daƙiƙa 5, kusan naira 150 duk daƙiƙa. Bidiyonsa bai kai na Veo ko Kling armashi ba a ganina, abin da suke sayarwa shine kwanciyar hankali, sun ce da hotunan Adobe Stock da waɗanda suke da izini suka horar da injin. Wannan yana da nauyi in kana yi wa banki ko ƙungiyar ƙasar waje aiki, domin rigimar haƙƙin mallaka da gaske ake yinta, a Yuni 2025 Disney da Universal sun maka Midjourney a kotu, Warner Bros ma ta bi sahu a Satumba. Mai tallan turaren wuta a Instagram wannan ba damuwarta bace, matuƙar bata sa an zana mata ƴan katun ɗin mutane ba.

Midjourney ma ya shigo bidiyo a Yuni 2025, aiki ɗaya yana cin kusan ninki 8 na hoto ya baka guda huɗu masu daƙiƙa 5, ba sauti. In kana da Standard dama toh ƙari ne mai daɗi, amma a Basic umarni 25 ya share maka watan. Sora na OpenAI kuwa tun da ya fito a Disamba 2024 ƙa'idojinsa suka yi ta sauyawa, a farko masu dala 20 gajeren bidiyo mai tambari suke samu, mai tsabta 1080p sai a tsarin dala 200, ni dai bazan ce wani ya biya ChatGPT saboda bidiyo ba.

Bayan na kyauta da na kuɗin wata, akwai hanya ta uku da ba'a cika faɗa ba, biya gwargwadon abin da ka ci. Shafuka irin su Replicate da fal.ai suna baka injina da yawa wuri ɗaya, ba kuɗin wata, abin da ka fitar shi ake cirewa. Flux na kamfanin Black Forest Labs da ke Jamus, ƙaraminsa mai suna schnell dala 0.003 ne duk hoto, wato hoto 1,000 a dala 3, babbansa 1.1 Pro kuma senti 4, naira 60. Veo 3 ta wannan hanyar ya fara a senti 75 duk daƙiƙa, a Satumba 2025 Google ta sauke shi zuwa senti 40, Fast kuma senti 15. In ka duba, duk daƙiƙa tafi tsada akan tsarin wata, amma ga wanda aiki ke zuwa masa jefi-jefi, wannan watan biki uku wata mai zuwa shiru, ya fi masa, domin watan da bai yi aiki ba ba'a cire masa komai. Wahalarsa shafukan ba'a yi su don ƴan koyo ba, sai ka ɗan daure.

Masu cewa ai Stable Diffusion da Flux da Wan na Alibaba kyauta ne a sauke a kwamfuta, gaskiya ne kyauta ne, amma sai kana da kwamfuta mai katin Nvidia da aƙalla 8GB, bidiyo ma yana son fiye da haka, ga fayil masu nauyin gigabait da yawa da zaka sauke, ga wuta. Injin da ke jan wuta awa da awanni akan janareta ko ƙaramin sola, in ka lissafa mai da batir zaka ga dala 10 a wata bata da tsada. Wanda dama yana da irin kwamfutar saboda editin ko gem, shi kam ya gwada ComfyUI, manhajar da ake kunna irin waɗannan injinan da ita a kwamfuta.

Biyan ma kansa wani lissafi ne. Tun 2022 yawancin bankunan Najeriya suka toshe katin naira daga sayayyar waje, sai a Yulin 2025 irin su GTBank da UBA da Wema suka sake buɗewa da iyaka. Kafin nan kowa katin dala na manhaja yake amfani dashi, kuma su canjinsu yafi na kasuwa tsada ga kuɗin caji ga kuɗin ƙirƙirar katin, wasu ma in aka zo cire kuɗi babu komai a ciki sai su ci tararka. Don haka dala 10 ɗinka ka ɗauke ta 11 ko 12. Wasu manhajojin in ka biya ta Play Store ko App Store ana nuna maka farashi a naira, ka gwada duka biyun kafin ka zaɓa don ba kullum suke zuwa ɗaya ba. Kuma ranar da ka biya, a ranar ka shiga ka kashe sabuntawa ta atomatik, watanka na nan ba zai ragu ba.

Rangwamen shekara kuwa, wancan kashi 20 ɗin da ke ƙyalli, ni ban ba kowa shawararsa ba a harkar bidiyo. Ka duba 2025 kaɗai, Maris Runway ya fito da Gen-4, Mayu Veo 3 ya zo da sauti, Yuni Midjourney ya shigo, Satumba Sora 2 ya fito kuma farashin Veo ya faɗi kusan rabi. Wanda ya ɗaure kansa da shekara a Janairu ya zauna yana kallon wasu na amfani da abin da yafi nasa kyau da arha. Midjourney na hoto kaɗai ne zan iya cewa in ka yi wata shida kana biya kuma yana mayar da kuɗinsa, toh ka ɗauki na shekarar.

Dabarar da tafi rage kashe kuɗi ita ce kar ka taɓa fara bidiyo daga rubutu. Ka fara yin hoton a inda yake kyauta ko arha, ka gyara shi har fuska da kaya da wuri su zauna yadda kake so, sannan ka kai hoton Kling ko Veo kace ya motsa. Kuskuren hoto naira 60 ne ko ma ba komai, kuskuren bidiyon daƙiƙa 8 a cikakken Veo naira 3,000 ne. Sannan ka gwada motsin a matakin ƙasa tukuna, sai ya yi sannan ka hau na sama sau ɗaya.

Masu sayar da akawun na haɗaka a guruf-guruf, waɗanda zasu ce kawo naira 3,000 a baka Pro na wata, ku yi hattara dasu. Mutum goma ne ko fiye a akawun ɗaya, kiredit 1,000 ɗin nan da muka lissafa na kowa da kowa ne, wanda ya riga tashi shi ke cinyewa, duk hoton da kika ɗora na fuskarki ko na ƴaƴanki sauran suna gani, kuma ranar da kamfanin ya gane ya rufe akawun ɗin aikin kwastoma da ke ciki ya tafi, mai sayarwar kuma lambarsa a kashe.